Babi na Huɗu: Damagaram a Kan Gilashi

Wanda ya riƙe tsohon hoton Damagaram yana son ya gano inda aka tsaya aka ɗauke shi, kada ya ɓata lokaci a kan gidaje. Ya dubi duwatsu. Gidan ƙasa damina goma ta ishe shi ya sauya kama: a ɗaga katanga, a toshe ƙofa, zanko ya karye, magada su raba fili. Itacen da ya yi inuwa a cikin hoton an daɗe da dafa tuwo da shi. Amma manyan duwatsun nan da ke jibge a tsakiyar Birni, wani bisa wani kamar an ɗora su da hannu, suna nan yadda sojan Faransa suka tarar da su a 1899. In an gane dutse an gane unguwa. In an gane unguwa, sai a nemi dattijon da zai faɗi ko gidan wa ne wancan mai dogon zaure.

Garin suna biyu gare shi. Taswira da takardun gwamnati suna kiransa Zinder, bakin jama'a kuwa Damagaram yake cewa, sunan ƙasar da sarkin garin yake mulki. Yana kimanin kilomita 240 arewa da Kano, kusan kilomita 900 gabas da Yamai. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 200,000 a cikinsa. Amma ranar da kyamara ta fara leƙa shi, ɗan birni ne mai ganuwa wanda mahayi zai kewaye tun rana ba ta yi zafi ba, da Zango can gefe inda ayari ke sauke kaya. Hotunan wancan ɗan birni suna da yawa fiye da yadda mutanen garin suke zato. Sai dai yawancinsu ba a garin suke ba.

Kafin kyamara

Turawan da suka fara rubuta labarin Damagaram da alƙalami suka zo. James Richardson, Baturen Ingila, ya iso a watan Janairu na 1851 daga Azbin, ya yi makonni yana rubuta abin da ya gani a kasuwa da fada, sannan ya nufi Kukawa, ajali ya cim masa a hanya a watan Maris na shekarar. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shigo garin a ƙarshen Disamba na 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu yana jiran kuɗi da kaya kafin ya kama hanyar Tumbutu. A lokacin an yi shekara goma sha uku da bayyana fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris, amma kayan aikinta sun fi ƙarfin bayan raƙumi.

Saboda haka babu hoton Sarki Tanimu, mutumin da ya fi kowa sauya fuskar garin. Shi ya yi sarauta fiye da shekara talatin har rasuwarsa a 1884. Shi ya ɗaga ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya tara 'yan bindiga, ya mai da Damagaram ƙasar da Barno, uwar gijiyarta, take shakka. Kamanninsa sai a bakin maroƙa da masu ba da labari. Abin da kyamara ta tarar aikinsa ne kawai: katanga, ƙofofi, fada.

Duk da haka akwai fuska ɗaya ta ɗan ƙasar Damagaram da ta riga kowa shiga littafin Turawa. Dorugu yaro ne daga Dambanas, aka kama shi a hari, aka sayar da shi, har ya faɗa hannun Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda ya 'yanta shi. Bayan mutuwar Overweg a 1852 ya bi Barth zuwa Tumbutu, daga nan har Ingila a 1855. An buga zanensa tare da abokinsa Abbega a littafin tafiye-tafiyen Barth. A can Ingila ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Dorugu ya samu abu uku: fuska, da suna, da bakin kansa. Daga cikin ɗaruruwan Damagarawan da aka ɗauka hoto bayansa, ƙalilan ne suka samu ko da biyu.

Bindiga a gaba, kyamara a baya

A watan Afrilu na 1898 wani kyaftin na Faransa, Cazemajou, ya sauka a bakin garin da 'yan rakiyarsa, a kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe. Sarkin lokacin shi ne Amadu Kuran Daga, wanda yake tsakiyar yaƙe-yaƙe da Sarkin Kano Alu, kuma ba ya son ganin Bature ya haɗa kai da Rabe, mutumin da ya rushe Kukawa. Ranar 5 ga Mayu aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive.

Ramuwa ta zo bayan wata goma sha huɗu. Wata rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni ta kuma gwabza da Sarauniya a Lugu, ta rasa shugabanninta biyu a tsakiyar Yuli na 1899, bayan sun harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, su ma sojansu suka harbe su. Ragowar hafsoshi, Pallier da Joalland da Meynier, suka ci gaba da tafiya. A ƙarshen watan suka karya dakarun Damagaram a Tirmini, suka shiga birni. Kuran Daga ya fita, aka cim masa a watan Satumba aka kashe shi, aka ɗora Amadu ɗan Bassa a gadon sarauta. A kan tudun da ke kallon Birni suka kafa bariki, suka sa masa sunan Cazemajou.

Ranar 2 ga Nuwamba wata runduna ta biyu ta iso daga arewa, ta Fernand Foureau da Kumandan Lamy, wadda ta baro Aljeriya tun Oktoban 1898 ta ƙetare hamada ta Agadas. Waɗannan suna ɗauke da kayan awo da na ɗaukar hoto. Sun yi kusan wata biyu a Damagaram suna hutawa suna neman dawaki da raƙuma kafin su nufi tafkin Chadi, inda Lamy da Rabe suka mutu rana ɗaya a Kusiri, 22 ga Afrilu, 1900. Foureau ya koma gida ya buga littafin tafiyarsa a 1902 da hotuna a ciki. Waɗannan suna cikin hotunan garin mafi tsufa da mai bincike zai iya sa hannu a kai.

Bayansu sai hafsoshin zama. Henri Gouraud da Henri Gaden, abokan juna, dukansu suna cikin aikin da ya kai ga kama Samori Ture a 1898, kuma hotunan Samori a hannun Faransawa da aka fi sani akwai na Gaden a ciki. Dukansu sun yi aiki a Damagaram a shekarun farko na ƙarni na ashirin. Gaden ya riƙe garin, ya rubuta bayani a kan ƙasar da sarautunta, ya kuma yi ta ɗaukar hoto. Gilasansa yanzu suna ma'ajiyar takardun tarihi ta birnin Bordo, mahaifarsa. Na Gouraud suna ma'ajiyar ma'aikatar harkokin wajen Faransa. Shi Gouraud ma da ya tsufa ya rubuta littafin tuna baya a 1944, sunan Zinder ne a farkon takensa.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan abin da ido ke gani. Mai kyamara shi ne mai bariki, kuma daga inda yake zaune yake hango gari. Shi ya sa ake yawan ganin Birni daga sama kuma daga waje: doguwar katanga, bayanta rufin soraye da kan bukkoki, mutane ƙanana kamar tururuwa a bakin ƙofa. Ɗan gari bai taɓa ganin garinsu haka ba, shi da ke fitowa daga lungu ya shiga lungu. Haka mai tsaron gari yake ganinsa, wanda yake so ya san ta ina dawaki za su fito.

Abin da gilashi ke iya ɗauka

A wancan zamani yawanci a kan falle na gilashi ake ɗaukar hoto, wanda aka shafe da wani sinadari mai jin haske. Ana jera gilasan cikin akwati, a ɗaura wa raƙumi ko a ɗora wa ɗan dako. Zafi yana ɓata su, ƙura tana karce su, tuntuɓe ɗaya yana farfasa aikin wata shida. Wanke hoto kuma yana cin ruwa mai tsabta, a garin da tun asali ruwa ne babbar damuwarsa. Don haka mai kyamara ba ya ɓarna. Sai abin da ya ga ya isa a nuna a Faris: sarki da dogarai, kasuwa, rijiya, ayarin raƙuma, sojan da aka jera.

Gilashin yana son rana tsaka. Ba ya gani a cikin soro, ba ya gani da dare. Duk rayuwar da ake yi bayan zaure ta kuɓuce masa, haka ma karatun allo a bakin wuta, da hirar dandali, da kiɗan 'yan mata a farin wata. Wanda ya motsa yayin da ake ɗauka sai ya fito kamar hayaƙi, shi ya sa yara, waɗanda ba sa iya tsayawa, suke zama inuwa-inuwa a gefen hoto, manya kuwa suka ƙame kamar an kira su gaban alƙali.

Launi ma ya tafi, kuma ba da adalci ba. Sinadarin lokacin ba ya jin ja sosai, sai ya mai da shi baƙi, shuɗin sama kuma ya fito fari fat. Dogarin da ke sanye da ja da kore, wanda ake hangowa tun daga nesa ranar hawan salla, a hoto ba a bambanta rigarsa da ta mai makoki. Ƙyallin rawani ɗan Kura, jan fatar da dukawan garin suka shahara da ita, adon da magina ke zanawa a fuskar zaure, duk sun koma toka-toka.

Akwai kuma zancen lokaci. Matafiya da rani suke zuwa, sa'ad da hanya ta bushe. Foureau a Nuwamba da Disamba ya zauna. Wanda ya san Damagaram ta hotunan matafiya kaɗai zai rantse ko ciyawa ba ta fita a ƙasar, alhali da damina gero yana kai wa mahayi kafaɗa, tafkuna su cika, garin ya yi kore shar.

Babban birni na shekara goma sha biyar

Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar ƙasar da ta zama Nijar. A nan gwamna yake, a nan baitulmali da gidan waya suke. Daga nan rundunar da ta je ta karya ƙawanyar da Kawusan ya yi wa Agadas ta tashi a farkon 1917. Tsakanin Birni da Zango aka gina unguwar Turawa da ofisoshi. Ma'aikata da sojoji suna son abin da za su aika gida, sai kasuwar katin gidan waya mai hoto ta buɗe: hoto a gaba, 'yar gaisuwa da adireshi a baya.

Waɗannan katuna su ne suka fi yawo a yau a hannun masu tara kayan dauri, kuma suna da alamomin da ake gane shekarunsu. Faransa ba ta yarda a raba bayan kati biyu, gefe na saƙo gefe na adireshi, sai daga wajen 1904. Katin da bayansa bai rabu ba ya girmi haka. In rubutun ƙasan hoto ya kira ƙasar yankin soja, to kafin 1922 ne, shekarar da aka mai da ita cikakkiyar ƙasar mallaka. Hatimin gidan waya yana faɗin ranar da aka aika. Sai dai mai bincike yana taka-tsantsan, domin masu buga kati sukan ɗauki tsohon gilashi su yi ta bugawa shekara da shekaru, har kati na 1920 ya zo da hoton 1905.

Kan sarki ma yana ba da labari. Na farko da suka ɗauki sunan Nijar a 1921 aro ne: na ƙasar Senegal ta Sama da Neja, mai hoton mahayin raƙumi, aka buga sabon suna a kai. A 1926 aka fito da na ƙasar kanta, kashi uku: masu jan ruwa a rijiya, kwalekwale a kogin Kwara, da barikin Zinder. A shekarar da barikin ya hau kan sarki, a shekarar Gwamna Jules Brévié ya kwashe hedikwata ya kai Yamai. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan, ga kuma kusancin garin da Kano, inda zuciyar 'yan kasuwarsa take, a ƙarƙashin tutar Ingila.

Kafin nan ma arzikin garin ya riga ya juya baya ga arewa. Damagaram ta yi ƙiba ne da ayarin Tarabulus da Gadamas, masu kawo tufafi da takarda da bindiga su koma da fata da gashin jimina da bayi. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da ke cin watanni a hamada suka koma shigowa ta Ikko cikin kwanaki. Hotunan raƙuma a Zango da aka ɗauka bayan wannan lokaci suna da kyan gani, amma wanda ya san kaya zai lura kantun gishirin Bilma ne da dabino da kanwa, ba dilolin Tarabulus ba. Ba da daɗewa ba gyaɗa ta zama sarauniyar fatauci, ita ma kudu take nufa.

Baƙi masu kyamara ba su daina zuwa ba. Angus Buchanan, ɗan Sikotilan mai tara tsuntsaye da namun daji, ya bi ta garin daga Kano zuwa Azbin a 1920, ya sake dawowa a 1922 da mai ɗaukar sinima, T. A. Glover. A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a maimakon ƙafafun baya, suka ratso daga Aljeriya ta Yamai da Tasawa suka sauka a Damagaram, da Léon Poirier mai shirya fim da Alexandre Iacovleff mai zane. Fim ɗinsu ya fito a 1926, ya cika gidajen sinima a Turai. Mutanen da suka yi musu hawa da kiɗa a hanya ba su aka yi wa fim ɗin ba, tallar mota ce.

Sunan da ba a rubuta ba

A ƙasan irin waɗannan hotuna akan sami sunan gari, da sunan wanda ya ɗauka, wani lokaci har lambar gilashi. Wanda aka ɗauka kuwa sai a ce Bahaushiya, ko maƙeri, ko ɗan kasuwa, ko mahayan sarki. Mace mai tulu a ka tana da uba da miji da unguwa, wataƙila jikokin jikokinta suna sayar da fura a bakin tasha yau, amma katin iri ya ɗauke ta, kamar yadda Buchanan yake lakaba wa tsuntsu takarda a ƙafa.

Har manyan ma hoto ba ya faɗin abin da ke cikinsu. A 1906, jim kaɗan bayan tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato, Faransawa suka ce sun gano makircin da ake ƙullawa don a hallaka su a Damagaram. Aka kama Sarki Amadu ɗan Bassa, da Malam Yaro babban attajirin Zango wanda a baya shi ne mai ba su bashi da masauki, da tafinta Ali Diallo. Aka kai sarki gudun dole Kwaddibuwa, aka danƙa garin a hannun Ballama, bawan fada. Sai a 1923 aka maido da sarautar, Barma Mustafa ya hau, ya riƙe har 1950. Wanda ya ga hoton fada na wajen 1910, da dogarai a tsaye da mutum a zaune cikin manyan riguna, in ba a gaya masa ba zai ce sarki ne da fadawansa. Alhali shekara goma sha bakwai gidan babu sarki.

Wannan giɓi baki ne ya cike shi. André Salifou, haifaffen garin a 1942, ya zauna da dattawa da malamai da mutanen fada, ya haɗa abin da suka faɗa da takardun Turawa, ya fitar da tarihin Damagaram na ƙarni na goma sha tara a 1971. Daga baya ya rubuta wasan kwaikwayo a kan rikicin 1906, Mahamane Bakabé ya mai da shi fim a 1982. Jami'ar garin yanzu sunansa take amsawa. A kusan lokaci ɗaya Ba'amurkiya Roberta Ann Dunbar ta yi nata binciken a kan daular daga 1812 zuwa 1906. A 2021 Camille Lefebvre ta sake bin zamanin mamaya a Damagaram da Agadas, tana jingina da wasiƙun Larabci da labaran Hausa da na Barbarci, ba rahoton kumandan kaɗai ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A tarihin wannan gari kuwa, gani ya tafi Bordo da Faris, ji ya zauna a zaurukan Birni, kowanne riƙe da rabin labari.

Hoton cikin adaka

Akwai kashi na biyu na tsofaffin hotuna, waɗanda ba su taɓa ƙetare teku ba. Da katin shaida ya zama dole ga mai tafiya da mai neman aiki, sai mai hoto, ko mai foto kamar yadda ake faɗa a can, ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a gindin itace kusa da ofis. Ya rataya ƙyalle a bango, ya zaunar da mutum, ya cire murfi ya mayar, ya zura hannu cikin akwatin ya wanke hoton nan take. Daga baya aka buɗe shaguna masu labule da kujera da furen roba. Amarya da ƙawayenta, tsohon soja da lambobinsa a ƙirji, alhaji ranar da ya sauka, ɗan makaranta da takardar shaidarsa, saurayi jingine da sabon keke: a nan mutum shi ya zaɓi rigarsa, shi ya biya kuɗinsa, shi ya tafi da hotonsa.

Irin wannan aiki ne ya ɗaukaka Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako har duniya ta san su, haka Philippe Koudjina wanda ya ɗauki samarin Yamai tun shekarun 1960. Masu hoton ƙananan birane ba su samu wannan gata ba. In mai shago ya rasu, buhun fina-finansa yakan ƙare a ɗakin shirgi, zafi ya manne su wuri ɗaya. Na cikin gida kuma suna ƙasan adaka tare da takardar gona da tsohon rasiɗin lanho, gara tana ci ta gefe, damshin damina yana cin fuska. Abin da ya fi gara ɓarna shi ne rasuwar tsohuwar da ta san kowa a ciki. Ranar da aka kai ta, hoton gida ya zama daidai da katin Bature: wasu mutane, wani wuri, wata shekara.

Dawowa ta waya

Yanzu gilasan sun fara komowa gida ba tare da sun bar inda suke ba. Babban ɗakin karatu na Faransa ya zuba dubban littattafai da hotunan dauri a rumbunsa na intanet mai suna Gallica, kyauta ga kowa. Ma'ajiyar takardun ƙasashen mallaka da ke Aix-en-Provence ita ma ta sa hotunanta. A 2018 aka buga littafin hotunan Gaden bayan aikin da Roy Dilley ya yi a kan rayuwarsa. Ɗalibi a Damagaram zai iya sauke hoton da kakan kakansa bai taɓa gani ba, ya tura ta WhatsApp, kafin la'asar ya zaga gari.

Yawon yana zuwa da nasa ruɗani. Hoto yakan rabu da bayaninsa tun a tura ta biyu. Ganuwar Kano ta zama ta Damagaram, wani basarake na wata ƙasa a ce Tanimu ne, mutumin da ya rasu shekara goma sha biyar kafin rundunar Foureau ta iso da kyamara. Maganin abin ba shi da tsada, sai dai haƙuri: a nemi asalin inda hoton yake, a karanta abin da aka rubuta a ƙasansa, sannan a kai wa masu gari. Magini zai dubi tubali da zanko ya ce wannan hannun magina Birni ne ko ba nasu ba. Bafade zai dubi naɗin rawani da inda kowa ya tsaya ya faɗi mai sarautar. Mahauci zai gane filin da ake hawan ƙaho. Tsohuwa za ta dubi kitso da zanen fuska ta ce wannan Babarbariya ce, waccan Buzuwa.

Aikin yana da amfani fiye da marmari. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, darajar da Agadas ta samu a 2013. Ganuwar Tanimu saura guntaye. Gidajen ƙasa masu ado suna faɗuwa, bulo da kwano suna maye gurbinsu. Duk mai son ya gyara zaure ya mai da shi yadda yake, ko ya nuna inda wata ƙofa ta taɓa tsayawa, ba shi da shaidar da ta wuce gilashin hafsan da ya zo cin garin.

Masu bin sawun tsofaffin hotuna suna da wata al'ada: su je daidai inda mai kyamara ya tsaya, su sake ɗauka, a jera tsoho da sabo. A cikin Birni abin yana yiwuwa. A hau dutse, a daidaita tsagar da ke jikinsa da ta cikin hoton, a matsa hagu kaɗan har hasumiya ta zo inda ya kamata, sai a ga inda bukkoki suke an yi shaguna, inda raƙuma suka durƙusa 'yan kabu-kabu ne ke jiran fasinja. Hoton nan na dukan gari daga sama ne yake da wuyar maimaitawa. Tudun da aka tsaya aka ɗauke shi har yanzu na soja ne, an cire sunan Cazemajou an sa na Tanimu, kuma mai gadin ƙofa ba ya barin kowa ya ɗaga waya a wurin.